Tsohuwar Tarakta Da Robar Toshe Mai: Bayani Ga Iyayen Ƙasa Da Malamansu

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato a ga tarakta ta kwana arba'in a gindin bedi, injinta lafiya lau, tayoyinta da iska, amma ba ta aiki. In aka tambayi direba sai ya ce ta ƙi ɗaga galma. Sau da yawa kuwa abin da ya kayar da ita wata 'yar roba ce mai siffar zobe, wadda ba ta fi awarwaron yarinya girma ba. Makanikai suna kiranta sil. Neman ta daidai shi ne abin da wannan takarda za ta bayyana, domin yawancin wahalar ba a wurin ɗaurawa ta ke ba, a wurin saye ta ke, saye kuwa ya kan bi ta hannun malamin da ya rubuta takardar aike.

Da fari ya kamata a san aikinta. Wani mutumin Ailan, Harry Ferguson, shi ya shahara da dabarar ɗaure galma a bayan tarakta da hannuwa uku, ƙarfin mai ya riƙa ɗagawa yana saukewa. Wannan dabara ce a ke kira haidirolik. A tarakta irin Massey Ferguson 135 da 165, waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, akwai famfo nutse cikin man giya. Famfon ya kan tura mai ta wani bututu zuwa silinda da ke ƙarƙashin kujerar direba, man ya ture fistin, fistin ya ɗaga hannuwan. Matsin man nan ya haye nauyin kilo 150 a kan fili mai faɗin farcen ɗan yatsa, saboda haka duk inda ƙarfe ya gamu da ƙarfe sai an sa abin toshewa. In zobe ɗaya ya tsage, sai mai ya sulale ya koma inda ya fito, galma kuwa ta zauna ƙasa.

Kafin a fitar da ko kwabo, lalle a tabbata robar ce. A ɗaga galma sama, a kashe inji, kowa ya ja da baya a duba. In ta riƙa sauka da kanta cikin 'yan mintoci, to mai yana gudu ta ciki, ko ta fistin ko ta bawul. Bakanike ya kan buɗe murfin gefe ya haska, in ya ga mai yana zuba daga sama, ya san inda ciwon ya ke. In kuwa man ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kuma sabuwar roba ba za ta warkar da wannan ba sai an juye man an wanke matata. Kada a bar kowa ya shiga ƙarƙashin galmar da ke rataye, kada kuma a laluba ɓular tiyo da hannu, gama man da ke cikin matsi ya kan huda fata.

To, sai maganar saye. Masana'antar da ta ƙera waɗannan taraktoci a birnin Kobantiri na Ingila ta daina aiki a ƙarshen 2002, amma wannan ba abin tsoro ba ne. An ƙera su dubbai, har wa yau kuwa ana yin kayan gyaransu a Indiya da Turkiyya da Pakistan, inda kamfanin Millat na Lahor ya ke harhaɗa samfurin 375. Abin da ya fi ɓata lokaci shi ne aike maras bayani. Sai a ba yaro tsohuwar roba a ƙulle cikin leda, a ce ya tafi kasuwa ya samo irinta. Mai kanti ya ɗora ta bisa wata, ya ga sun yi kama, ya karɓi kuɗi. Alhali robar da ta shekara goma cikin mai da zafi ta riga ta baje ko ta kumbura, ba awonta na asali ke nan ba. Wanda ya auna ta kamar wanda ya kai wa tela tsohuwar rigar da wanki ya tsuke ne.

Gurbin da robar ke zama a jikin ƙarfe shi a ke aunawa, da ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke kira baniya, ba da tsinke ko zare ba. Dalili kuwa shi ne awo iri biyu ne a duniya. Tsofaffin taraktocin Ingila da inci aka yi su. Su kuwa Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauci, da Fiat da aka harhaɗa a Kano, da milimita ne. Zoben inci kaurinsa ya kan zama milimita 1.78, ko 2.62, ko 3.53, ko 5.33. Na milimita kuwa ya kan zo 2, ko 2.5, ko 3. Ido ba ya raba 2.62 da 2.5, amma mai yana rabawa. Ita kuwa robar da ke toshe bakin sanda mai juyawa, wadda a ke kira oyil sil, lambobi uku ne a jikinta, misali 35, 52, 7, watau faɗin ciki, da faɗin waje, da kauri. A kwafe su yadda su ke, kada a juya.

Har ila yau, samfuri ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Wasu fistin ɗin na Ferguson zoben ƙarfe uku gare su, wasu na baya kuwa zoben roba ne da matokarinsa. Shi ya sa faɗin "135 ce" bai isa ba, sai an haɗa da lambar da aka buga a kan ɗan allon ƙarfe a jikin tarakta.

Irin robar ma abin lura ne. Wadda ta dace da man tarakta ita ce mai alamar NBR, tana jure zafi har wajen digiri 100. Akwai Viton mai jure kusan ninki biyu, ta fi tsada, ba kuwa tilas ba ce a nan. Wadda za a guje wa ita ce ta masu aikin famfon ruwa, mai alamar EPDM. Baƙa ce ita ma, tana da araha, amma da ta sha mai sai ta kumbura ta yi laushi cikin 'yan kwanaki. Kuma mai saye ya lanƙwasa zobe ya duba a haske. In ya ga tsaga ƙanana, ya ajiye, ko da a cikin takardarsa ya ke. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ya kan wuce digiri 40, robar da ta daɗe rataye a ƙusa a bakin rumfa ta tsufa tun ba a yi aiki da ita ba.

A fara nema a wurin masu kayan gyara na cikin birnin Sakkwato. In ba a dace ba, sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ya fi kyau a sayi cikakken ƙunshi na murfin haidirolik gaba ɗaya, da zobban bututu da gaskit, domin buɗe murfin nan aikin yini ne, ba kuwa hikima ba ce a buɗe shi sau biyu saboda zobe ɗaya. Ran ɗaurawa a shimfiɗa tabarma mai tsabta cikin ɗaki, ban da filin da iskar hunturu ke kaɗawa, a shafa wa roba mai, kada a tura ta da bakin sukundireba. In cikin silinda ya karce, sabuwar roba ba za ta kai ƙarshen damina ba.

Abin da a ke roƙon Iyayen Ƙasa ke nan: kowane ya sa malaminsa ya buɗe littafi na taraktocin da ke gundumarsa, na ƙungiyoyin manoma da na masu haya. A rubuta sunan kamfani, da samfuri, da lambar allo, da awon kowace roba ran da aka sake ta. Gundumomin fadama irin su Wurno da Kware da Goronyo, inda aikin tarakta ya fi yawa, suna iya gama buƙatunsu a aika mutum ɗaya da takarda ɗaya. A yi wannan cikin Fabrairu ko Maris. Wanda ya jira ruwan shuka na watan Yuni zai tarar da makanikai a cike da aiki, manoman da suka biya kuɗin huɗa kuwa suna zaune a ƙofar fada.