Idan ƙungiyarku ta masu motoci za ta yi yammaci a Yankari

Ƙungiyoyin masu motoci sun saba fita shan iska da yamma: a yi ayari, a shimfiɗa darduma, a ci a sha, a koma gida bayan isha'i. Idan Yankari kuka nufa, ku cire maganar komawa gida a daren. Ku kama ɗakuna a sansanin Wikki tun kafin ranar, ku kwana. Daga garin Bauchi za ku ɗauki hanyar Gombe, ku karkata a Dindima zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kilomita kusan 40 a cikin daji kafin a kai Wikki, kuma ba tafiyar dare ba ce. Ku yi azahar ku kama hanya, bayan kun ji halin da take ciki daga direbobin tasha.

Kowa ya cika tanki tun daga Bauchi, ya duba safaya da jak da ruwan lagireto. In akwai bakanike a cikinku, motarsa ta zama ta ƙarshe a ayari.

Da zarar an wuce ƙofa, a manta da tsere. Tun 1956 aka keɓe wannan daji domin namun dawa, kuma giwayen da suka rage a cikinsa suna daga cikin mafiya yawa a Najeriya. Ina roƙon matasanmu masu son a ji ƙarar injinsu: ku rage gudu, ku kashe kiɗa, ku daina danna hon. Gada ko gadu na iya faɗowa titi ba zato, ga ƙura ta rufe wa na baya ido. Shiga lungunan daji kallon dabbobi kuwa sai da jagora daga ma'aikatan wurin.

Wurin cin abinci ne ake shan mamaki. Gwaggon biri ya saba da mutane a Wikki, ba ya jin tsoron tsawa. Yana zaune can gefe kamar ba ruwansa, kana juya baya ka ɗauko buta, sai ya fizge ledar masa ko ƙunshin kilishi ya haye bishiya. Ku bar abinci cikin kula a but, ku ɗaga gilasai, ku riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Kada kowa ya miƙa wa birai ko loma ɗaya, musamman yara, domin cizonsu ba wasa ba ne. Da rani ciyawa ta bushe ƙayau, don haka kada a hura wutar gashi sai inda ma'aikata suka nuna. Ledoji da robobin ruwa kuma a tattara su a mayar cikin mota.

Ku sauka maɓuɓɓugar Wikki kafin magariba. Ruwan garau yake har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana gangarawa zuwa kogin Gaji. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙishirwa ke tara giwa da ɓauna da gwanki a bakin Gaji. A wannan kwari akwai ƙudan tsando, kuma baƙaƙe da shuɗɗan kaya ne ke jawo shi, saboda haka masu fita kallon dabbobi da sassafe su sa riga mai haske mai dogon hannu.