Ki bar masa abin da hannunsa zai iya

'Yata, tun da aka turo ki aiki Panshekara, ki sani yawancin masu zuwa hannunki ma'aikatan kamfanonin Challawa da Sharada ne, har da masu zuwa Bompai su dawo gida da dare. Wani inji ya datse masa yatsa, wani sinadarin jima ya cinye masa fatar hannu, wani kuwa ciwon suga yake fama da shi, ga aikin dare. Da yawansu ranar da ba su fita ba, babu kuɗin cefane, don haka ba za su daɗe a gadonki ba. Sauran jinyar a gida za a yi ta.

A makaranta an karantar da ke Dorothea Orem, ba'amurkiyar nan da littafinta ya fito a 1971. Kada ki bar ta a takardar jarrabawa. Abin da ta koyar shi ne aikin nas yana farawa ne daga inda mara lafiya ya kasa kula da kansa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa a yi masa komai, wanda ya fara farfaɗowa a raba aikin da shi, mai ƙarfi kuma a koya masa.

A wannan na ƙarshen ne aka fi sakaci, don layi na da tsawo, kuma ya fi sauƙi ki yi allurar da kanki. Daure dai. Ki sa wa mai suga sirinjin insulin a hannunsa, ya zuƙo da kansa, ya ɗaga shi ga haske ya fitar da iskar, ya kamo fatar cikinsa ya soka. Hannunsa zai yi rawa, kada ki karɓe. Idan babu firji a gidansu, ki nuna masa yadda zai ƙulle kwalbar a leda ya ajiye ta a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Ya san cewa gumi da jiri da rawar jiki alama ce suga ta sauka, ya riƙa yawo da sukari a aljihu, balle shi da ke tsaye gaban inji. Bayan alwala ya goge tsakanin yatsun ƙafa, ya zazzage takalmin aiki kafin ya sa.

Dattijo zai ce miki "to" ko bai gane ba, saboda kunya. Ki ce, "Baba, nuna mini yadda za ka yi a gida." Ki kira uwargidansa ta zauna, tun da ita ke riƙe da tukunya. Kafin sallama kuma su ji daga bakinki cewa gyambon ƙafa da ya fara wari ko baƙi ba a jiran ranar ganin likita da shi, a ranar ake kai shi Asibitin Murtala.