Zaɓen Suturar Bango a Ƙasar Ruwa da Iska: Darasi Daga Kafanchan

KAFANCHAN: Duk wanda ya mallaki gida, ko kanti, ko ɗakin ajiyar kaya a Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi, ya san akwai wani kuɗi da yakan fita daga aljihunsa bayan kowace damina, watau kuɗin gyaran bango. Fenti ya ɓare, filasta ta tsage, gindin bango ya yi baƙi ƙirin da gansakuka, wani lokaci ma danshi ya ratsa ciki ya taɓa hajar da aka jibge. Akasarin wannan asara tun ranar da aka zaɓi abin da za a lulluɓe bangon da shi aka sayo ta, domin kuwa yawancin masu gini farashin ranar saye kaɗai suke dubawa.

Kudancin Jihar Kaduna yana da nisa ƙwarai da bakin teku, amma ta fuskar ruwan sama ya fi kama da kudu bisa ga Kano ko Katsina. Iskar damina mai ɗauke da laima takan taso daga teku ta kudu maso yamma, idan ta ci karo da duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Jos sai ta hau sama ta yi sanyi, ta sauke ruwanta a nan. Saboda haka yankin Kafanchan yakan sami kimanin milimita 1,500 ko fiye a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, alhali na Kano yawanci bai kai 1,000 ba. Domin a fahimci nauyin wannan adadi, gidan da faɗin rufinsa ya kai murabba'in mita 100 yakan zubar da lita 150,000 a damina ɗaya, watau duro 750 na lita 200, kuma duk a gefen bangonsa suke sauka. Fatakwal da Kalaba sun fi haka ruwa nesa ba kusa ba, ga kuma gishirin iskar teku da ke cin ƙarfe. Kafanchan ta tsira daga gishirin, amma tana da abin da bakin teku bai cika fama da shi ba, watau hunturu mai tsanani da ke busar da bango ƙayau bayan ya sha ruwa wata bakwai. Wannan kumbura da tsukewa a kowace shekara shi ne ke haifar da tsaga, tsaga kuwa ita ce ƙofar ruwa.

Akwai kuma batun inda ruwan ke bugowa. Manyan hadura masu iska na farkon damina da na ƙarshenta daga gabas suke tasowa su nufi yamma, kuma ba a tsaye ruwansu ke sauka ba, a karkace yake zuwa yana dukan bango kamar ana watsa tsakuwa. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe a wurinsu. Darasin ga mai gini na zamani shi ne cewa ba dole ne a kashe wa bango huɗu kuɗi daidai wa daida ba. Idan jari ya gaza, bangon gabas da gindin gini su ya kamata a fara yi wa sutura mai tsada.

Abin da ya fi kowane jure wa ruwa a wannan ƙasa, a ƙarƙashin ƙafar mutanenta yake. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, sa'an nan a 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan gunki da aka samu a yankin Jema'a, wanda an ce har an yi shekara ana korar tsuntsaye da shi a gonar doya. Bincike ya nuna cewa waɗannan gumaka sun haura shekara 2,000. Gaskiya ne yawancinsu a farfashe aka same su, amma duk da daminar da ta ratsa ƙasar da suke binne a ciki, ba su narke sun koma laka ba. Yumɓun da ya sha wuta sosai ya rabu da halinsa na narkewa har abada, kuma wannan shi ne asirin jan bulo.

Bangon jan bulo da aka bari tsirara ba ya bukatar filasta, ba ya bukatar fenti, gara ba ta cin sa, tsatsa ba ta kama shi. Gyaransa bai wuce cike layukan siminti da ke tsakanin bulo da bulo idan sun zaizaye ba. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun jan bulo a wurare da dama, ciki har da Naraguta a Jos, amma bulon siminti ya kere shi a kasuwa saboda sauƙin bugawa da saurin ɗorawa. Matsalar jan bulo uku ce: kuɗin ɗauko shi, ƙarancin birkilolin da suka iya jera shi da tsabta, da kuma bambancin ƙuna idan na gasawar gida ne, ban da itacen da gasawar ke ci. Mai saye yana iya gwada shi ba tare da na'ura ba. A haɗa guda biyu a ƙwanƙwasa, wanda ya ƙonu da kyau yakan yi ƙara tangaran kamar ƙarfe, ɗanye kuwa sai ya yi dum. Haka kuma a auna busasshe, a jiƙa shi cikin ruwa kwana ɗaya a sake aunawa. Idan nauyinsa ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100, to, bai dace da bangon waje ba.

Sai dai gaskiyar magana ita ce mafi yawan gine-ginen Kafanchan da bulon siminti ake yin su, a shafe da filasta a bi da fenti, kuma haka za a ci gaba da yi. Wannan hanya ba ta da aibi idan an ba ta haƙƙinta. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce siminti kashi 1 ga yashi kashi 6, a riƙa shayar da bulon ruwa aƙalla kwana 7, tare da sanin cewa siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Amma da tsadar siminti ta yi tsanani, musamman a farkon 2024 lokacin da buhu ya haura naira 10,000, masu buga bulo da dama sai suka ƙara yashi domin buhu ɗaya ya haifi bulo mai yawa. Irin wannan bulo yakan sha ruwa kamar soso, kuma ana gane shi da hannu, gefensa na marmashewa da an murza. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da ma'auni na bulon siminti, amma ba kowane wurin buga bulo idonta ke kaiwa ba, don haka tilas mai gini ya zama shi ne sufeton kansa.

Filasta kuma ita ce ainihin rigar irin wannan bango. Yashin da aka ɗebo da laka a cikinsa yakan sa ta tsattsage, haka nan idan aka shafa ta cikin tsakiyar hunturu aka bar iska ta busar da ita kafin ta kama. Sau biyu ya kamata a shafa wa bangon gabas, a karce na farko domin na biyu ya riƙe. Game da fenti, kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa: a shafa shi a kan filastar da ba ta gama bushewa ba, ko a shafa mai ƙyalli na mai wanda ke toshe numfashin bango. Danshin da ya maƙale a ciki sai ya nemi hanyar fita, ya tura fentin ya yi bororo, ya bar wani farin gari mai kama da kanwa. Fentin ruwa da aka yi musamman domin waje ya fi dacewa, ko kuma filastar feshi mai kaushi, ko da yake ita ma kaushinta yakan riƙe ƙura da gansakuka.

A ƙauyuka kuwa, da ma unguwannin bayan gari, ana yawan ganin ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti domin a kare shi. Niyya mai kyau ce, amma ƙasa da siminti ba tafiyarsu ɗaya ba. Ƙasa na kumbura tana tsukewa, siminti na tsaye ƙiƙam, daga bisani sai su rabu, ruwa ya shiga tsakani ya riƙa cin bangon a ɓoye har ranar da filastar za ta zubo falle guda. Maginan ƙasar Hausa sun warware wannan da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da kuma laso, da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, to amma su ma sai ana sabunta su, kuma a ƙasa mai ƙarancin ruwa aka ƙirƙire su. Hanya ta tsakiya ita ce bulon jar ƙasa da ake cakuɗawa da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse da inji. Cibiyar NBRRI mai binciken gine-gine da hanyoyi, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana yayata shi. Yana rage kuɗin siminti ainun, kuma jar ƙasa ba ta yi wa kudancin Kaduna ƙaranci ba, amma a ruwa irin na Kafanchan ba ya yin ƙarko sai da rufi mai inuwa da gindi na dutse ko kankare.

Saura kayan da ake mannawa ko kafawa a jikin bango, waɗanda 'yan kasuwa ke sha'awa domin ƙawata fuskar kanti. Tayil yana wankuwa, yana kuma hana ruwa, muddin layukansa a cike suke. Da zarar ruwa ya sami baya gare shi sai ya fara faɗowa, abin da ke da hatsari a ginin bene. Katako yana da kyau a ido, ga itacen tik a gandun dajin Nimbiya, amma inda gara da danshi suka haɗu, katako a bangon waje hidima ce ta kowace shekara. Kwano ya fi daɗewa a nan bisa ga Legas tun da babu gishiri, ya kuma dace da sito ko gareji, sai dai yana tara zafi, da dare kuma yana yin gumi ta ciki, abin da ba ya yi wa busasshiyar citta daɗi. Allunan siminti masu zare ba sa ruɓewa kuma ba sa cin wuta, amma lalle ne mai saye ya tabbatar ba tsofaffin nan ba ne masu asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji.

Duk abin da aka kafa da ƙusa ko noti, ƙarfinsa a gaban iska bai wuce ƙarfin ƙusar ba. Amurka ta koyi wannan da tsada a 1992, sa'ad da guguwar Andrew ta yi kaca-kaca da dubban gidaje a kudancin jihar Florida, abin da ya sa aka tsaurara dokokin gini a can. Allunan alminiyam masu roba a tsakiya, irin waɗanda ake yi wa bankuna da gidajen mai ado da su, suna da nasu hatsarin daban. Irinsu ne suka taimaka wa wuta ta mamaye benen Grenfell a London a watan Yuni na 2017, inda mutum 72 suka rasa rayukansu. Mai otal ko kantin bene da ke son su, wajibi ne ya nemi masu cikin da ba ya kamawa da wuta, ya kuma karɓi shaidar haka a rubuce.

Kowace sutura aka zaɓa, rabin aikinta rufi da gindi ne ke yi mata. Ɗakunan gargajiya na wannan yanki jinkarsu takan sauko ta rufe kafaɗar bango, ba kamar soron Kano mai indararo ba, kuma ba a banza aka yi hakan ba. Yayin nan na ɓoye kwano a bayan bango domin gida ya yi kama da na Abuja ya bar bango tsirara a gaban hadari, ya kuma tara ruwa a kwatar da ganye ke toshewa. Bakin rufi da ya fito santimita 60 zuwa 90 yana kare yawancin bangon gida mai hawa ɗaya, da sharaɗin a ɗaure katakon rufin da ƙarfe a jikin gini, don iska ta fi samun abin kamawa a rufi mai fiffike. Daga ƙasa kuma, a ɗaga gindi da dutse, wanda yankin Kagoro ke da shi a wadace, a shimfiɗa leda mai kauri ta hana danshi hawa aƙalla santimita 15 sama da ƙasa, a zagaye ginin da daɓen kankare mai gangara zuwa magudana.

A ɓangaren lissafi, abin tambaya shi ne nawa bango zai ci a shekara 20. Alal misali, idan aka ƙaddara ana sake fenti duk bayan shekara 4, mai gida zai biya kuɗin fenti da na leburori sau biyar, kowane biya kuma ya fi na baya tsada. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 34 cikin 100. Wanda ke gini da kuɗin hannunsa, sayen abu mai ƙarko tun farko tamkar ajiya ce da hauhawar farashi ba ta ci, kuma a nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado ta fi zama daidai. Amma wanda ke gini da bashin banki lissafinsa daban ne, domin a wancan lokaci Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Gare shi, kowace naira da ya ƙara a yau tana haihuwar bashi, saboda haka ya fi masa ya taƙaita jan bulo ko dutse ga gindi da bangon gabas, ya yi sauran da bulo mai kyau da filasta, ya jinkirta ado. Mai sito kuwa, musamman a wannan yanki na Jaba da Kachiya da ya yi suna wajen noman citta, tilas ya sa darajar hajar a cikin lissafin, don buhunan da suka yi fumfuna a damina ɗaya suna iya fin kuɗin bangon baki ɗaya.

Daga ƙarshe akwai batun yarjejeniya da ɗan kwangila. A manyan ayyuka al'ada ce a riƙe wani kaso na kuɗin aiki, galibi kashi 5 cikin 100, har wa'adin gano aibi ya cika. Ƙananan masu gini ba su cika yin haka ba, alhali bangon da aka gama a watan Fabrairu ba a sanin halinsa sai ya ga ruwan Agusta. Kamata ya yi a rubuta tun farko, gaban shaidu, cewa ragowar kuɗin sai bayan Oktoba, idan an zagaya an duba gindi da bangon gabas da ƙarƙashin tagogi.