Adon Takobi Da Hukuncinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya akwai fadar Topkapi, wadda aka mai da ita gidan tarihi a 1924. A can aka adana takubba da ake dangantawa ga Manzon Allah (S.A.W.) da Halifofinsa huɗu. An soma tara irin waɗannan kayayyaki ne bayan da Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Mai ziyara zai ga kube da mariƙi sun sha zinariya, amma ya sani yawancin adon nan sarakunan Usmaniyya ne suka ƙara daga baya domin girmamawa.

To, mene ne hukuncin yi wa takobi ado? Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya halatta azurfa a kan zobe da takobi da Mus'hafi. Tirmizi kuwa ya ruwaito daga Anas cewa kan mariƙin takobin Annabi na azurfa ne. Sai dai Buhari ya kawo maganar Abu Umama mai nuna cewa waɗanda suka buɗe garuruwa ba da zinariya ko azurfa suka ƙawata takubbansu ba, sai da jijiya da darma da baƙin ƙarfe.

A fadar kuma akwai wata wuƙa mai manyan duwatsun zumurrudu uku, wadda Sarki Mahmud na Ɗaya ya aika wa Nadir Shah na Farisa. Kafin ta isa aka kashe shi a 1747, manzanni suka komo da ita. Ga wuƙar nan har yau, sarakunan biyu kuwa suna kushewa.

Allah Ya sa mu wa'aztu, amin.