Darasin Wannan Wata: Man Tsiro a Injin Gas Lokacin Hunturu

'Yan'uwa manoma, mu da ke ƙasar Bagudo mun san wahalar mai. A 2019 Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Tsamiya da Lolo kuwa sun ji a jikinsu. Saboda haka waɗansu ƙungiyoyinmu suna tambaya ko motar ƙungiya da injin niƙa za su iya shan man tsiro. Za su iya. Tun a 1900 aka nuna injin gas yana aiki da man gyaɗa a birnin Paris. Amma sai da shiri, musamman da ɗari.

Mu fara rarrabe abu biyu. Ɗanyen mai ya fi gas kauri wajen sau goma, yana kuwa toshe nozul. Bayodizal shi ne man da aka dafa da metanol da soda har kaurinsa ya sauka. Metanol guba ne, yana makantar da mutum, don haka kada kowa ya yi wannan dahuwa a gida ba tare da koyo ba.

Duk wadda ta taɓa ganin manja ya yi barci a kwalba da safiyar hunturu ta riga ta gane matsalar. Bayodizal na manja yakan fara daskarewa idan sanyi ya kai wajen digiri 14, kuma daren Disamba da Janairu a bakin Kwara yakan kusanci haka. Na bini-da-zugu ya fi shi jure sanyi. Idan man ya daskare, filta ta toshe, mota ta ƙi tashi ran da za a kai shinkafa kasuwa.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Mu zuba man a farar kwalba, mu bar shi a waje ya kwana, mu duba da asuba. In ya yi hazo, a ƙara gas. Da ɗari muna ba da shawarar kashi ɗaya na bayodizal cikin kashi huɗu na gas.

Sa'an nan a kira bakanike. Bayodizal yana cin tsohon tiyo na roba, sai a sa irin wanda ke jure shi. Yana kuma wanke dattin da ya shekara a tanki ya tura shi filta, saboda haka ma'aji ya sayi filta biyu ya ajiye tun kafin a fara. Wanda yake son ya yi amfani da man zalla, sai a ɗaura masa ƙaramin tanki na gas da famfon sauyawa. A tashi inji da gas, in ya yi zafi a juya, a kuma koma gas minti biyar kafin a kashe, don kada man ya kwana a cikin nozul. Hura wuta a ƙarƙashin tanki, yadda waɗansu direbobi ke yi, ganganci ne.

Wannan duka domin tsofaffin injuna ne irin su Lister. Sabuwar mota mai kwamfuta, a bi abin da kamfaninta ya rubuta.

A taronku na gaba ku lissafa: mudun gyaɗa nawa ke ba da lita ɗaya, nawa ne kuɗinsa a kasuwar Kaoje, nawa ne litar gas? A ganinmu gyaɗa ta fi amfani a tukunya. Bini-da-zugu yana nan a shingayenmu, ba mai cinsa. Sai dai tunkuzarsa guba ce, kada a ba dabbobi, a zuba ta a gona.