Yawan Jama'a da Ƙuruciyarsu: Darasi Daga Jihar Kano

Sanin kowa ne jama'a su ne arzikin ƙasa. Amma arziki yana bukatar tattali, in ba haka ba sai ya zama nauyi. Jihar Kano misali ce da ya kamata kowane ɗan Nijeriya ya yi nazari a kanta.

Abin da ƙidaya ta nuna

An kafa Jihar Kano a 1967, aka kuma cire Jihar Jigawa daga cikinta a 1991. Ƙidayar da aka yi a wannan shekara ta sami mutum kimanin miliyan 5.8 a Kano. Da aka sake ƙidaya a 2006 sai adadin ya kai miliyan 9.4, wanda ya fi na kowace jiha. Wato cikin shekara 15 an sami ƙarin mutum fiye da miliyan uku da rabi, kusan 240,000 ke nan kowace shekara. Masana lissafi sun tabbatar cewa al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara takan ninka cikin shekara 23 ko 24.

Dalilan ƙaruwa

Na farko shi ne yawan haihuwa. Binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a tsawon rayuwarta, alhali matsakaicin ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Na biyu, rigakafi da magani sun rage mutuwar ƙananan yara. Na uku, kasuwannin Kano da masana'antun Bompai da Sharada sun daɗe suna jawo baƙi daga kusa da nesa.

Ƙasar yara

Fiye da mutum huɗu cikin kowane goma a Nijeriya ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar wannan ita ce, jaririn da aka raɗa wa suna yau zai nemi benci a makaranta bayan shekara shida, ya nemi sana'a bayan shekara goma sha takwas. Haka kuma gonar eka goma da magada biyar suka raba, in ta kai ga jikoki da wuya rabon mutum ɗaya ya ciyar da gida. Idan yaro ya tashi da ilmi da sana'a, zai ɗauki nauyin wasu. Idan ya tashi babu ko ɗaya, wasu ne za su ɗauki nauyinsa.

Abin da ake bukata daga jama'a

1. A yi wa kowane jariri rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin da adadi ake tsara makarantu da asibitoci.
2. A sa yara makaranta, maza da mata. Dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta.
3. A kai mata masu ciki awo, a kuma ba da tazara tsakanin haihuwa don lafiyar uwa da ɗa.
4. A koya wa matasa sana'a da noman rani, kamar yadda ake yi a Kadawa da ruwan madatsar Tiga.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikatan da za su riƙe Kano nan da shekara ashirin an riga an haife su, suna goye a bayan iyayensu. Yadda aka rene su yau, haka ƙasa za ta same su gobe.