Haɗa Kwamfutocin Shagonka Su Yi Aiki Tare

Ƙanena, na san irin shagonka. Yana unguwar Gare a Parakou, kusa da tashar jirgin ƙasa, da kwamfuta uku da firinta ɗaya. Ga ɗalibin Jami'ar Parakou yana jiran a buga masa kundinsa, ga wata baiwar Allah tana son takardar haihuwa daga shafin hukumar ANIP, kai kuma kana ta kai da komo da filas daga wannan tebur zuwa wancan. Filas ɗin nan shi ke cinye maka lokaci, shi ke yawo da cutar kwamfuta. Haɗa na'urorinka ka huta. Ga yadda za ka yi.

1. Gwada layi kafin ka saya. Sa layin MTN, Moov Africa da Celtiis a wayarka ɗaya bayan ɗaya, a cikin shagon, da safe da kuma bayan la'asar. Wanda ya fi ƙarfi a teburinka shi za ka sa a ruta, akwatin da ke raba intanet.

2. Ja waya. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna rage ƙarfin wifi. Sayi wayar Cat 6 mai kan RJ45, ka haɗa kowace kwamfutar tebur da ruta. Tana kaiwa mita 100 lafiya lau. Bi da ita jikin bango, kada a riƙa taka ta.

3. Sauya kalmar sirri. Juya rutar, adireshin shigarta na rubuce a ƙasa, galibi irin 192.168.1.1. Shiga, ka cire kalmar da ta zo da ita, ka zaɓi WPA2, ka sa haruffa da lambobi aƙalla 12. Masu zuwa shago ka buɗe musu layin baƙi daban.

4. Raɗa wa kowace kwamfuta suna: SHAGO1, SHAGO2, SHAGO3. Tunda Windows ɗinmu da Faransanci yake, ka zaɓi "Réseau privé", sannan ka kunna "Partage de fichiers et d'imprimantes". In ba ka yi haka ba, ba za su ga juna ba.

5. Buɗe jakar aiki guda a SHAGO1, ka danna "Partager". A sauran kwamfutocin, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta \\SHAGO1. Wannan karkataccen layi yana ba mutane wahala a allon AZERTY: riƙe AltGr ka danna 8. Takardun shaidar mutane amana ce, ka goge su da zarar an buga.

6. Raba firinta. Jona ta da SHAGO1, ka zaɓi "Partager cette imprimante", ka ƙara ta a sauran biyun. Amma ka tuna, in SHAGO1 na kashe, babu mai bugawa. Ita za ka fara kunnawa, ita ce ta ƙarshen kashewa.

7. Tsare datarka. Kunna "Connexion limitée" don kada Windows ya shanye maka ita da rana tsaka, sannan ka ware dare ɗaya a mako don sabuntawa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka ka fara shirin komawa Windows 11.

8. Kare su daga wuta da ƙura. Sa ruta da SHAGO1 a kan onduleur, batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta. Da damina, in ka ji tsawa, zare komai daga soket. Da hunturu, rufe su da ƙyalle bayan ka kashe.

In kana da reshe a Djougou, tazarar ta haura kilomita 130, waya ba za ta kai ba. Ku buɗe jaka ɗaya a Google Drive, ku riƙa ajiye aiki a ciki.

Kafin mai saye na farko ya shigo, zauna a SHAGO3, ka buɗe takarda daga jakar SHAGO1, ka tura ta firinta. In ta fito, aiki ya yi kyau. Jefa filas a aljihun tebur. Allah ya ba da kasuwa.